Da Takarda da Hatimi Aka Ƙwace Gonar Nabot: Abin da Ya Sami Ƙuri'ar Baƙar Fata a Afirka ta Kudu

(Jawabin da aka gabatar a zaman safe na taron shugabannin ikilisiyoyi, zumuntar mata da matasa)

 

Kan maganar da kwamiti ya ba mu shi ne Kirista, zaɓe da tsarin mulkin ƙasa. Mun san abin da yawancinmu suke sauraron ji: satar akwati, 'yan daba a rumfar zaɓe, rabon gishiri da atamfa a daren jajibere. Waɗannan kowa ya san su, ko yaron Sande Sukul zai iya ba da labarinsu. Amma akwai wata irin sata wadda ba a fasa akwati, ba a zare wuƙa. Ana yin ta da rana tsaka, a cikin majalisa, bayan an buɗe zama da addu'a. Ita ce muke so mu duba yau, gama ita ta fi cin mutanen da ba su da yawa, kamar mu.

An karanta mana 1 Sarakuna sura 21. Ku lura da yadda Yezebel ta bi da al'amarin. Ba ta aika sojoji da dare su kashe Nabot a gonarsa ba. Wasiƙu ta rubuta da sunan sarki, ta buga musu hatiminsa, ta aika wa dattawa da manyan garin. Aka yi shelar azumi. Aka zaunar da Nabot a gaban jama'a. Aka kawo shaidu biyu, domin Shari'ar Musa ba ta yarda a kashe mutum bisa bakin shaida ɗaya ba. Aka fitar da shi bayan gari kamar yadda aka saba, sa'an nan aka jajjefe shi. Da za a ba wani lauya takardun wannan shari'a ya duba, da wuya ya sami matakin da aka tsallake. Waɗanda suka aiwatar kuwa dattawan garinsu ne, mutanen da suka san Nabot tun yana yaro.

Domin mu ga yadda irin wannan yake faruwa a zamanin majalisa da ƙuri'a, za mu tafi Afirka ta Kudu. Dukanmu mun san sunan Mandela, mun san wariyar launin fata. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, baƙar fata a wani yanki na ƙasar nan sun taɓa samun ƙuri'a tun kafin a haɗa Nijeriya a 1914, aka kuwa karɓe ta a hannunsu daki-daki, a cikin shekaru fiye da 70, kowane mataki da lambar dokarsa.

A shekarar 1853 Ingila ta ba yankin Kef, can ƙuryar kudu, tsarin mulki da majalisa. Dokar zaɓen ba ta ambaci launin fata ba. Kowane namiji da yake zaune a gida ko fili da darajarsa ta kai fam 25 yana iya yin rajista, baƙi ne shi ko fari. Talakawa da yawa ba su kai wannan ma'auni ba, mata kuwa ba a ma sa su a lissafi ba. Duk da haka manomi Baxhosa mai gonarsa, da malamin makarantar mishan, da masassaƙi daga cikin waɗanda ake kira Kalad, wato masu gaurayen jini na Turawa da 'yan ƙasa da bayin da aka kawo daga Asiya, duk sunayensu suna cikin littafi ɗaya da na Bature.

Shekara huɗu bayan haka wani abu ya faru, ba a majalisar dokoki ba, a majalisar ikilisiya. Babbar ikilisiyar Turawan da kakanninsu suka fito daga Holan, wadda a taƙaice ake kira NGK, ta yi taronta a 1857. Tun 1829 wannan ikilisiya ta riga ta tsayar cewa a ci Jibin Ubangiji tare ba tare da duban launi ba. Amma a wasu ikilisiyoyin karkara fararen fata suna ta gunaguni, ba sa so su sha ƙoƙo ɗaya da barorinsu. Majalisar ta 1857 ta yarda cewa bisa ga Littafi Mai Tsarki abin da ya dace shi ne a yi sujada tare. Sai ta ƙara da cewa, saboda raunin waɗansu, inda haɗuwar za ta kawo cikas, a bari sababbin tuba su yi tasu sujada a wani gini dabam.

'Yan'uwa fastoci, ku da kuka zauna a aji kun gane inda suka ɗauko wannan kalma ta rauni. Daga Bulus suka aro ta, inda yake koya mana haƙuri da ɗan'uwa rarrauna a kan abinci da ranaku. Amma sun manta da Galatiyawa sura 2. Sa'ad da Bitrus ya janye daga cin abinci tare da al'ummai a Antakiya don tsoron waɗanda suka zo daga Urushalima, Bulus bai kira wannan rauni da za a lallaɓa ba, ya tsaya masa a gaban kowa. Abin da aka bari na ɗan lokaci a 1857 ya zama ƙa'ida. A 1881 aka kafa wa Kalad ikilisiyarsu dabam, daga baya aka kafa wa baƙaƙe tasu, aka kafa wa Indiyawa tasu. Mutanen da suka saba da teburin Ubangiji biyu, littafin rajistar zaɓe biyu ba zai ba su mamaki ba.

Kada mu ɗauka waɗannan mutane dodanni ne da ba mu sani ba. Wannan ikilisiya ce ta aiko da masu mishan zuwa ƙasar Tibi a 1911, suka yi wa'azi, suka buɗe makarantu da asibiti a Mkar, daga aikinsu ne ikilisiyar NKST ta tsaya da ƙafafunta a 1957. Mutane ne masu addu'a, masu karatun Littafi safe da yamma, masu ba da zakka. Abin da ya sa labarin yake da ban tsoro ke nan.

Mu koma ga ƙuri'a. Da aka ga baƙaƙe masu rajista suna ƙaruwa a Kef, a 1887 aka yi doka cewa filin da ake riƙe da shi na gandu, bisa al'adar gargajiya, ba za a lissafa shi a matsayin dukiya ba. A 1892 aka ɗaga ma'aunin daga fam 25 zuwa 75, aka ƙara da cewa sai mutum ya iya rubuta sunansa da adireshinsa da sana'arsa. Ko a cikin waɗannan dokoki ba a ce an hana baƙi zaɓe ba.

A 1910 aka haɗa yankuna huɗu, Kef, Natal, Transvaal da Orange Free State, suka zama ƙasa ɗaya. Yankunan arewa ba su yarda baƙi ya yi zaɓe ba ko kaɗan. Sulhun da Turawa suka yi tsakaninsu shi ne kowane yanki ya riƙe dokarsa, amma kujerar majalisar ƙasa sai Bature. A 1909 wata tawaga ta tafi Landan don ta roƙi majalisar Ingila kada ta amince da wannan. W. P. Schreiner, tsohon firayim ministan Kef, shi ya ja ta. A cikinta akwai Rabaran Walter Rubusana, da ɗan jarida John Tengo Jabavu, da Dokta Abdullah Abdurahman, Musulmi, jagoran Kalad. Ba a saurare su ba. Abin da aka ba su don su kwantar da hankali shi ne wata sakata a cikin tsarin mulki: ba za a taɓa ƙuri'ar mutanen Kef saboda launinsu ba sai majalisun biyu sun zauna tare, kashi biyu cikin uku na dukan 'yan majalisa sun yarda. Ku riƙe wannan sakata a zuciya, domin sauran labarin duka a kanta yake.

Bayan shekara biyu, ranar 8 ga Janairu 1912, aka kafa ƙungiyar da daga baya ta zama ANC, a wani ɗakin sujada na Metodis a Bloemfontein. Shugabanta na fari fasto ne, Rabaran John Dube. Muna faɗin wannan saboda waɗanda har yanzu suke koya wa matasanmu cewa mai bi na gaske ba ya tambayar yadda ake mulkin ƙasarsa.

Sakata tana nan, sai aka bi ta taga. A 1930 aka ba mata ƙuri'a, amma fararen mata kaɗai. A 1931 aka cire wa fararen maza sharaɗin dukiya da na rubutu, aka bar shi a kan sauran. Ba a cire sunan kowa daga littafi ba, an dai ninka yawan wani gefe har nauyin ɗaya gefen ya zama kamar ɗigon ruwa a randa. Da ɗan takara ya ga ba ya bukatar ƙuri'ar baƙi don ya ci, ya daina zuwa unguwarsu. A 1936 Firayim Minista Hertzog ya sami kashi biyu cikin ukun da yake nema. Mutum 169 suka yarda, 11 kaɗai suka ƙi. Aka cire baƙaƙen Kef daga littafin kowa da kowa, aka buɗe musu nasu, aka ce su zaɓi Turawa uku su yi magana a madadinsu a majalisar wakilai. Kalad kuwa aka bar su inda suke, ana ba su baki cewa su dabam ne, tasu ba za a taɓa ba. Hausawa suka ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Shekara 15 kawai aka yi wutar ta iso.

Zaɓen 26 ga Mayu 1948 shi ne ya kawo gwamnatin wariya. A nan akwai lissafin da ya kamata kowane sakataren ikilisiya ya sani. Jam'iyyar Janar Smuts ta sami kusan kashi 49 cikin 100 na ƙuri'un da aka jefa, jam'iyyar 'yan wariya ta D. F. Malan ta sami kamar kashi 38. Amma Malan ya tashi da kujeru 70, Smuts 65, da wata ƙaramar jam'iyya mai kujeru 9 ta mara wa Malan baya sai ya kafa gwamnati. Yaya aka yi? Tsarin mulki ya yarda mazaɓar karkara ta kasance da mutane ƙasa da ma'auni har da kashi 15 cikin 100, ta birni kuma ta haura da kashi 15. Magoya bayan Malan suna karkara, na Smuts sun taru a birane suna tara ƙuri'u a inda an riga an ci. Ba a saci akwati ko ɗaya ba. Wanda ya shata iyakar mazaɓa ya gama aikin tun kafin ranar zaɓe. Shi Malan ɗin kuwa fasto ne na NGK, mai digirin dokta a tauhidi, wanda ya bar bagade a 1915 ya shiga aikin jarida da siyasa.

Rinjayensa siriri ne, saboda haka ya fara neman kauri. A 1949 aka ba Turawan ƙasar da yau ake kira Namibiya kujeru shida a majalisa, jam'iyyarsa ta lashe su duka. Sa'an nan ya juya kan Kalad na Kef. Masu rajista a cikinsu ba su kai 50,000 ba, amma a wasu mazaɓu su ne suke raba gardama, kuma ba sa zaɓen jam'iyyarsa.

A 1951 gwamnati ta kawo dokar cire su daga littafin kowa da kowa. Ba ta da kashi biyu cikin uku, sai ta zartar da ita da rinjaye na yau da kullum, tana cewa majalisa ce mai iko duka, tsohuwar sakatar Ingila ba ta ɗaure ta. Masu zaɓe huɗu daga cikin Kalad suka kai ƙara. Harris, Franklin, Collins da Deane sunayensu, mutane ne talakawa. A watan Maris 1952 kotun ƙoli ta ƙasar, a ƙarƙashin Babban Alƙali Centlivres, ta soke dokar da baki ɗaya. Gwamnati ta ce to, ta yi wata doka wadda ta mai da majalisar kanta kotu mafi girma, mai ikon duba hukuncin kotun ƙoli. 'Yan majalisar jam'iyyar suka zauna a matsayin alƙalai, suka ce hukuncin da aka yi a kansu kuskure ne. Kotun ƙoli ta sake sokewa a watan Nuwamba na wannan shekara, ta ce majalisa ko ta sa rigar alƙali majalisa ce. Aka yi zaɓe a 1953, jam'iyyar ta ƙara kujeru, amma ba ta kai kashi biyu cikin uku ba.

Sai Strijdom ya gaji Malan a 1954, ya zo da dabarar da ta fi ta Yezebel tsabta. Ya ce tunda doka ta ce kashi biyu cikin uku, za a kawo kashi biyu cikin uku. A 1955 aka naɗa sababbin alƙalai biyar, aka ce duk shari'ar da ta shafi ingancin doka sai alƙalai 11 sun zauna. A wannan shekara kuma aka faɗaɗa majalisar dattawa daga kujeru 48 zuwa 89, aka sāke hanyar cika su yadda jam'iyya mai mulki ta tashi da 77. Waɗannan dokoki biyu ba sa bukatar rinjaye na musamman. A watan Fabrairu 1956 majalisun biyu suka zauna tare kamar yadda tsarin mulki ya ce, aka ƙirga hannuwa, adadi ya cika. Da aka koma kotu, alƙalai 10 suka ce an bi doka. Mutum ɗaya ya ƙi, ya ce majalisar dattawan da aka ƙera musamman don a fasa sakata ba ita ce wadda tsarin mulki yake nufi ba. Sunansa Oliver Schreiner, ɗan wancan Schreiner da ya ja tawaga zuwa Landan a 1909. Sau biyu aka tsallake shi a naɗin Babban Alƙali bayan wannan. Da aiki ya gama, a 1960 aka rage majalisar dattawan zuwa 54, kamar magini yana kwance sandunan da ya hau ya yi gini.

Iyayenmu mata, akwai rabonku a wannan wuri. A watan Mayu 1955 wasu fararen mata shida a Johannesburg suka kafa ƙungiya don ƙin dokar majalisar dattawa. Sukan rataya baƙin ƙyalle a kafaɗa, alamar makokin tsarin mulki, su tsaya shiru a duk inda minista zai wuce, a tashar jirgi ko a ƙofar ofis. Daga wannan ƙyalle aka sa musu suna Black Sash. Ba su hana dokar wucewa ba. Amma ba su watse ba, suka buɗe ofisoshin ba da shawara inda baƙaƙen da dokar fasfo ta cikin gida ta kama suke zuwa a taimake su da takardu, suka yi ta wannan aiki shekaru da dama. Ƙuri'ar da suka tsaya dominta ba tasu ba ce, tasu ba wanda ya taɓa.

Sauran ya zo da sauri. Turawa ukun da suke wakiltar baƙaƙe, dokar 1959 ta kore su. Na Kalad, dokar 1968 ta kore su. Baƙaƙe aka ce su ba 'yan ƙasa ba ne ma, kowa ya nemi ƙuri'arsa a yankin ƙabilarsa, irin su Transkei da aka ce an ba 'yanci a 1976.

Ina ikilisiya a duk wannan? Bayan 'yan sanda sun harbe aƙalla mutum 69 a Sharpeville ranar 21 ga Maris 1960, Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya ta kira taro a Cottesloe, cikin Johannesburg, a watan Disamba. Wakilan NGK suna wurin, suka sa hannu a kan cewa ba za a hana mai bi shiga kowace majami'a saboda launinsa ba, kuma babu dalilin hana Kalad wakilci na kai tsaye a majalisa. Firayim Minista Verwoerd ya nuna fushinsa, majalisun ikilisiyar suka juya wa wakilansu baya, suka fice daga Majalisar ta Duniya. Ɗaya daga cikin wakilan, Rabaran Beyers Naudé, ya ƙi janye hannunsa. A 1963 ya rasa matsayinsa na fasto a ikilisiyar da ta haife shi, daga 1977 zuwa 1984 gwamnati ta sa masa takunkumi, ba ya iya zama da mutum fiye da ɗaya a lokaci guda. A wancan gefe akwai Albert Luthuli, mai wa'azi kuma sarkin ƙauyensa, wanda aka tuɓe a 1952 don ya ƙi barin ANC, da Bishop Desmond Tutu wanda ya riƙe Majalisar Ikilisiyoyin ƙasar daga 1978. Ba Kirista kaɗai suka sha wuya ba. Imam Abdullah Haron na Kef ya mutu a hannun 'yan sanda a 1969 bayan wata huɗu a tsare.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne inda gyara ya fito. Wannan ikilisiya ta Kalad da aka ware a 1881, ita ce ta tsara shaidar bangaskiya ta Belhar a 1982, ta karɓe ta a 1986, tana shaida cewa ɗayantakar jikin Almasihu ba abin zaɓi ba ce, kuma raba masu bi bisa launi zunubi ne. A 1982 ɗin, a Ottawa ta Kanada, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ikilisiyoyin Rifom ta duniya ta ce kāre wariya da Littafi Mai Tsarki karkatacciyar koyarwa ce, ta dakatar da NGK, ta zaɓi Allan Boesak, fasto daga ikilisiyar Kalad, ya shugabance ta. 'Ya ce ta tsawata wa uwa. A taron Rustenburg a 1990 Farfesa Willie Jonker na NGK ya tashi ya furta laifin kansa da na ikilisiyarsa, Tutu ya tashi ya karɓa.

Kafin nan gwamnati ta gwada sabon tsarin mulki a 1983, mai majalisu uku: kujeru 178 na Turawa, 85 na Kalad, 45 na Indiyawa, baƙaƙe masu rinjaye babu ko ɗaya. Ku tara 85 da 45 ku gani ko sun kai 178. Yawancin Kalad da Indiyawa suka ƙi fita zaɓen 1984. Wannan karon sun ƙi karɓar kujera a ɗakin da aka rufe wa ɗan'uwansu ƙofa.

An saki Mandela ranar 11 ga Fabrairu 1990. Ranar 27 ga Afrilu 1994 mutane kusan miliyan 20 suka yi layi, tsofaffi masu shekara 80 suna jefa ƙuri'arsu ta fari. ANC ta sami kusan kashi 63 cikin 100, wato ba ta kai kashi biyu cikin uku ba, dole ta rubuta tsarin mulki tare da wasu. An kuma riga an amince da ƙa'idodi 34 da sabon kundin ba zai saɓa musu ba, aka ba kotun tsarin mulki ikon dubawa. Majalisa ta zartar da kundin a watan Mayu 1996, a watan Satumba kotu ta mayar da shi, ɗaya daga cikin dalilanta shi ne ba a sa wa haƙƙoƙin ɗan Adam sakata mai ƙarfi yadda ya kamata ba. Gwamnatin Mandela ba ta ƙara alƙalai ba, ba ta mai da kanta kotu ba. Aka koma aka gyara, ya sa hannu ranar 10 ga Disamba 1996 a Sharpeville. Sashe na 1 na wannan kundi ya ambaci littafin rajistar zaɓe guda ɗaya na ƙasa duka, kuma ba a sāke wannan sashe sai da kashi 75 cikin 100 na majalisa da larduna shida cikin tara. Wanda bai san labarin 1936 da 1956 ba zai yi mamakin abin da ya kai littafin rajista cikin sashe na fari. Ba mu ce ƙasar ta zama Kan'ana ba. Talauci da rashin aikin yi suna nan, 'yan'uwanmu 'yan Nijeriya ma sun sha hare-haren ƙin baƙi a can a 2019. Amma a 2024, da ANC ta faɗo zuwa kusan kashi 40 cikin 100, ta karɓi sakamakon ta nemi abokan kafa gwamnati.

Yanzu mu dawo gida. Shekara ɗaya bayan an fasa sakatar Kef, a 1957, aka kafa hukumar Willink a nan Nijeriya don ta saurari tsoron ƙananan ƙabilu. Iyayenmu suka je gabanta suka faɗi damuwarsu. Rahotonta na 1958 bai ba su jihohin da suka nema ba, ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin tsarin mulki. Daga nan ne babi na huɗu na kundin 1999 ya samo tushe, inda sashe na 38 yake maganar 'yancin addini, na 42 kuma ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali. Mu ma sakata aka ba mu. Sashe na 9 ya ce gyaran kundi sai da kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, babi na huɗu kuwa sai da kashi huɗu cikin biyar. Mun ga ta yi aiki a watan Mayu 2006, sa'ad da majalisar dattawa ta yi watsi da gyaran da zai ba da wa'adi na uku. Amma sakata lissafi ce, lissafin kuwa na mutanen da muke aikawa majalisar jiha ne, waɗanda a ranar zaɓensu yawancinmu muke tafiya gona domin mun riga mun yi na shugaban ƙasa.

Ba mu kawo wannan tarihi don mu ce maƙwabtanmu su ne Malan mu ne Nabot ba. Wanda ya fita daga nan da wannan fassara bai ji mu ba. A labarin da muka bayar, masu Littafi a hannu su ne suka buga hatimin. Akwai ƙananan hukumomi da gundumomi inda mu ne masu yawa, kansila namu ne, ciyaman namu ne. A can, ina aka ajiye rumfar zaɓen unguwar Hausawa ko rugar Fulani? Wa ake hana takardar shaidar zama ɗan ƙasa ko da a garin aka haifi kakansa? In mun yi shiru a can domin abin ya yi mana daɗi, da wane baki za mu yi kuka a inda ake yi mana? Haka nan a cikin gida: in majami'a ɗaya ta rabu biyu domin wannan ƙabila ba ta son dattijo daga waccan, muka kira shi zaman lafiya, to, mu tuna da 1857.

Bulus ya san haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma, ya kuma yi amfani da shi. A Filibi ya ƙi fita kurkuku a ɓoye sai mahukunta sun zo da kansu, a Urushalima ya tambayi jarumin soja ko doka ta yarda a yi masa bulala ba tare da shari'a ba, a gaban Festus ya ɗaukaka ƙara zuwa wurin Kaisar. Mutum ba ya neman haƙƙin da bai san da shi ba. Saboda haka muna roƙon kowace ikilisiya ta sami kundin tsarin mulki ko da guda ɗaya ne a ofishin fasto. A sa mutum biyu, namiji da mace, waɗanda za su riƙa zuwa duba sunaye duk lokacin da hukumar zaɓe ta kafe rajista, su taimaki tsofaffi da gwauraye da waɗanda rikici ya raba da garuruwansu wajen sauya rumfa. Iyayenmu mata a Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1979, wasunsu suna zaune a nan, a tambaye su. In an kira jin ra'ayin jama'a a kan gyaran kundi ko shata mazaɓu, a je da takarda a rubuce, kada a bar wa 'yan siyasa kaɗai.

Bayan abincin rana za mu rabu ƙungiya huɗu. Sakatare ya buga sashe na 9, na 10, na 38 da na 42, kowace ƙungiya za ta ɗauki ɗaya, ta karanta, ta juya shi zuwa Hausa yadda za a iya bayyana shi a ajin baftisma. Waɗanda suka zo da katin zaɓensu su riƙe shi a hannu, za mu duba lambar rumfa tare. Rabaran shugaban taro, mun mayar maka da magana.